Na Gyara wa Baffa Lissafi a Gaban Mutane

Gumel, Asabar, 14 ga Satumba, 2024, ƙarfe 7:20 na safe, ko karin kumallo ban iya yi ba.

Ya Tayyiba, sanyin ruwan randa, inuwar da nake gudu gare ta, ƙamshin ƙasa bayan yayyafin farko!

Da wane ido zan dube ki? Jiya bayan la'asar na zo Gagarawa gaida Baffa, mahaifinki, don ya ba ni izinin turo magabatana. Kin gargaɗe ni a bakin rijiyarku, kina dariyar nan mai kama da kaɗawar gero cikin iska: in durƙusa, in sunkuyar da kai, in taƙaita magana. Na durƙusa. Na sunkuya. Sai ya tambayi abin da na karanta a jami'a.

Wayyo, bakina! Na ce tarihi, kuma binciken kammalawata kan firaministocin ƙasar Lithuania ne, tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Da nan na tsaya! Amma na jero su: Voldemaras na farko a 1918, Dovydaitis mai wata ɗaya tak, juyin mulkin 1926, har Tubelis da ya fi kowa daɗewa. Minti ashirin da biyar, Tayyiba. Furar da aka kawo mini har ta kwanta.

Baffa, don ya rufa mini asiri, ya ce ashe wannan na ƙarshe ya yi shekara goma. Ni kuwa na ɗaga kai, na dube shi cikin ido a gaban dattawa huɗu, na ce a'a, shekara takwas ne da wata shida. Baffa ya yi murmushi. Kawunki ya yi gyaran murya. Aka shafa fatiha, aka sallame ni.

Lissafina daidai ne, hasken idona, ni ne ban yi daidai ba. Ki roƙa mini Inna, mahaifiyarki, ta sa baki. Zan dawo da yayana Anas, shi zai yi magana, ni sai durƙuso.

Ga abin da ban sani ba: ko murmushin da Baffa ya yi na afuwa ne, ko kina bayan ƙofa kin ji komai, ko har yanzu akwai izinin zuwa, ko za ki karanta wannan har ƙarshe.

Ko an buɗe mini zaure ko an rufe, ni naki ne har ranar da za a kai ni makwanci.

Irfan