Fadamar da Injiniya Ya Saya

Juma'a, 7 ga Fabrairu, 2025

Yau mun fita kashta, yawon shan iska a jeji irin na Larabawa, da darduma da butar shayi. An yi ruwa makon jiya, hamadar da ke arewa da Riyad ta yi kore shar, ga furanni, ga ruwa kwance a wani ɗan kwari. Abban Sumayyah ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya damƙi ƙasa ya murza ya sansana. "Rabi, wannan ai fadama ce!" Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Mutum injiniya guda, ya yi shekara da shekaru yana zana gadoji a garin nan, amma ɗan manomin Malumfashi na nan a cikinsa bai je ko'ina ba.

Sumayyah ta tambaye ni da Larabci mece ce fadama. 'Yar da na haifa, ta kusa zama budurwa, Hausarta sai ka ce ta Baturen da ya zo yawon buɗe ido. Shi ya sa na ƙudura: kwantiragina na asibiti na ƙarewa a Disamba, ba zan sabunta ba. Gida za mu. A ɗora bulo a filinmu na Zariya da ke jikin gidan Inna, yarinyar nan ta ji Hausa a bakin kakarta.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ya fita da Najib, ɗan ƙanwar mahaifiyarsa da aka haifa a nan, wai za su duba wani aiki. Ya dawo da rairayi a ƙafar wando yana fito. Ba na son in ji yana fito.

Laraba, 12 ga Maris

Dole in rubuta wannan.

Ya bari na sha kunu na ci dabino, sannan ya gyara murya. Ya sayi fili. A wannan kwarin da muka sha shayi, jikin shingen gandun daji na gwamnati. Takarda da sunan Najib, tunda shi ɗan ƙasa ne. Na ce da wane kuɗin? Ya dubi tabarma. Ya sayar da filin Zariya.

Filin da na yi aikin dare a asibitin Shumaisi don shi, ina juya marasa lafiya har bayana ya ƙage. Filin da na riga na san inda tagar ɗakin girkina za ta kalla. Ban taɓa kiran sunan mutumin nan ba tun da aka ɗaura, amma yau sai na rubuta shi baƙi da fari: Sha'aban, ka cuce ni.

Wai dillalin da ya sayar masa ya ce ba a samun irin wurin, babu wanda zai taɓa yin gini ya tare masa iska, maƙwabciyarsa barewa ce. Na ce barewar ce za ta ba ni aron gishiri? Ita za ta zo min barka, ko ita za ta wanke gawata?

Alhamis, 13 ga Maris

Azumi ne kaɗai ya riƙe min baki.

Lahadi, 16 ga Maris

Na kira Inna in faɗa mata, ashe ta riga ni sani. "Na ga ana sauke yashi, Rabi, na ɗauka ku ne kuka fara. Har na aika wa leburorin da kunu." Ta yi dariya wai don kada in damu. Tsohuwa ta dama kunu ta ba masu gina gidan wani. Na shige banɗakin asibiti na yi kukana, na wanke fuska, na koma na ba mai gado na huɗu maganinsa.

Talata, 1 ga Afrilu

Yawon sallah. Harouna ya zo gaishe mu, mutumin Damagaram ne mai tuƙa tankar ruwa, Injiniya ya taɓa kai shi ganin wurin. Na ɗauka zai gaya masa gaskiya. Ina! "Wallahi hwadama ce, Hajiya. Ƙamshin ƙasar kamar ina gida." Suka zauna suna raba gonar da baki, nan gero, nan wake, can zogale. Mahaukata biyu, ɗaya da digiri ɗaya babu, ciwonsu ɗaya. Na ajiye musu cincin da ƙarfi har farantin ya yi ƙara.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Ya yi ta roƙo in je in gani da idona. Na je, don in ji daɗin faɗa da hujja.

Mun bar kwalta muka yi ta gwara kai a kan duwatsu. Da ya tsaya na ce ina wurin? Ya ce nan ne. Nan ɗin babu komai. Babu ganye ko na rantsuwa. Inda ruwa ya kwanta ya tsattsage kamar ƙafar mai kaushi, furannin nan duk sun zama ƙaiƙayi, iska na wasa da su. Gefe ɗaya shingen waya ya miƙe har inda ido ya gaji, wata barewa a ciki tana kallonmu, kuma na rantse kallon tausayi ne.

A gida in ka ga ƙasa ta riƙe ruwa ta yi kore bayan an ɗauke ruwan sama, ka san akwai ruwa a ƙarƙashi, ka haƙa kamu kaɗan ka same shi. Da wannan idon ya duba. Nan kuwa kwalliyar 'yan makonni ce, ta amarya, a wanke fuska a ga gaskiya. Rijiya? Sai yanzu dillalin ya tuna ba a ba da izinin haƙa a kusa da shingen. Tankar Harouna? Hanyar za ta karya mata ƙafa.

Ya yi ta zagaye yana tona ƙasa da ɗan yatsan ƙafa kamar wanda ya yar da allura. Na ce masa ya duba ni da kyau, ƙafata ba za ta sake taka wurin nan ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Shugabarmu ta asibiti ta tambaya ko zan sabunta kwantiragi. Na ce a'a. Na dawo gida na gaya masa: Disamba ni da Sumayyah za mu tafi, ko gidan haya ne mu kama a Zariya. Shi ya zauna da barewarsa. Ya ce, "To." To kawai! Da ya yi faɗa ma da na ji sanyi.

Juma'a, 13 ga Yuni

Abin ya wuce wauta ya koma abin da ban san sunansa ba.

Da asuba na gan shi ya sauko da wani gwangwanin madara daga saman kabad. Irin gero ne, na noman ƙarshe da mahaifinsa ya yi, Hajiyarsa ta aiko masa bayan rasuwar. Na ce ina za ka da shi? Ya ce binne zai yi. Binne! Shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa, a rufe iri a bar shi ya jira ruwan farko. A gida daidai ne, yanzu hadari ke haɗuwa. Amma nan? Na ce, "Abban Sumayyah, ko jaririn garin nan ya san ba a ruwa sai da sanyi. Wata shida za ka bar shi a cikin tanda?"

"Na sani."

"To me ya sa?"

"Baba bai taɓa bari watan nan ya wuce iri na cikin gwangwani ba." Ya tsaya a bakin ƙofa. "'Yan'uwana sun raba gonar sun sayar ina nan, Rabi. Ko jana'izar ban samu ba. Ba ni da inda zan zuba shi."

Tausayi ya taso min, na kore shi. Shi an sayar masa da gonar uba bai sani ba, ya san zafin, sai ya juyo ya yi min irinta? Wanda wuta ta taɓa ƙonawa ai shi ya kamata ya fi kowa tsoronta.

Ya dawo da azahar fuska kamar an gasa. Ban tambaye shi ba. Na dai sa masa ruwa a firji, don ba na son jinya.

Laraba, 16 ga Yuli

Zafi har ƙarfen ƙofar mota ba ya taɓuwa. Tururuwar hamada dai ta samu walima.

Asabar, 9 ga Agusta

Sabon salo. Kullum da safe sai ya duba yanayin Malumfashi a waya. "An yi ruwa mai ƙarfi jiya a gida." Na ce Allah ya sa ya samu biza ya ƙaraso.

Bai yi dariya ba. Da can yana dariyar irin wannan.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Na fara haɗa kwalaye. Shi ke ɗaure min su da igiya, yana rubuta adireshin Inna da rubutunsa mai kyau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Yana cikin ɗauri ya ce, "Na yi miki laifi, Maman Sumayyah. Ban shawarce ki ba don na san za ki hana, kuma ke ce da gaskiya." Na ce haƙuri ba ya zama bulo.

Ashe ya sa filin a kasuwa tun watan jiya, babu mai taya shi. Dillalin ya ce ya bari a yi ruwa ya yi kore, nan take za a saya. Na ce to madalla, a jira wani wawan. Ya girgiza kai. Wai duk mai so sai dai ya gan shi a bushe, ba zai yi wa ɗan wani abin da aka yi masa ba.

Ga hanyar dawo da kuɗina a fili, ya toshe ta da tsoron Allah. Na rasa ta inda zan kama faɗan, na shige ɗaki na bugo ƙofa.

Talata, 18 ga Nuwamba

Ruwa kamar da bakin ƙwarya, har an rufe makarantu. Ya tsaya a taga bai motsa ba. Na yi kamar ban gan shi ba.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Na karya rantsuwa, amma da dalili. Zazzaɓi ke jikinsa tun shekaranjiya, ya kuma ɗauki makullin mota zai tafi filin. Ba zan bar mara lafiya ya tuƙa mota a kan duwatsun nan ba, ko ba mijina ba ne. Na karɓe makullin. Sumayyah ta shige baya.

Kwarin ya sake shafa kwalliyarsa ta yaudara. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga ya tsaya cak. Cikin ciyawar da ta fito barkatai akwai wasu siraran ganye da suka fito a jere. Taku ɗaya, tsiro. Taku ɗaya, babu. Babu, babu, sai kuma tsiro. Yawanci tururuwa da rana sun cinye, amma layin na nan a miƙe, ko makaho ya shafa ya san ɗan Adam ne ya sa dunduniya ya rufe.

Ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska da hula. Tun ranar da aka bugo waya daga Malumfashi cewa mahaifinsa ya rasu ban ga hawayensa ba. Sumayyah ta tsuguna kusa da shi tana tambaya da Larabci, ya amsa mata da Hausa: geron kakanki ne, wannan tsiro, in ya girma ya yi kara, ya fid da zangarniya. Ta yi ta maimaita zangarniya tana karya harshe.

Ba zai fid da zangarniyar ba. Gero ba ya son sanyi, ni na sani, shi ma ya sani. Babu wanda ya faɗa.

Sai na ga sawun kofato a gefen layin, da wasu ganyen da aka gutsure. Shingen ya ɓule ta ƙasa. Wato maƙwabciyar tamu ta fara shigowa gaisuwa. Ban san lokacin da na fara jawo ƙaya ina jerawa a bakin ɓular ba, har ta yage min gefen abaya.

Laraba, 3 ga Disamba

Shugabarmu ta ce yau take son amsar ƙarshe kafin ta tura sunana a yi min takardar fita. Na ce ta ba ni zuwa Lahadi. Saboda makarantar Sumayyah ne, ba a cire yaro a tsakiyar zango.

Na kwance kwali ɗaya. Gidan sauron nan kawai nake nema, tsohon, zai rufe layi biyu na geron in an kafa masa sanduna. Inna ta ce a rage tsiron in sun yi yawa a rami ɗaya, na ce Inna wane yawa, ta ce to a yi musu addu'a.

Ba don shi nake yi ba. Filina aka sayar aka sayi wurin nan, ashe kuwa duk abin da ya tsiro a kai nawa ne, kuma ba a haifi barewar da za ta ci min gero ba.

Ban yafe ba, a rubuta wannan. Na dai ce masa ranar Juma'a ya tashe ni da wuri, kada barewar ta riga mu.