Yaya Rabi, Na Ci Turancin

Assalamu alaikum, Yayata Rabi, tare da gaisuwa ta girmamawa daga ƙanwarki. Na san wasiƙar nan ba za ta isa inda kike kwance ba, amma ke ce kika fi kowa haƙƙin jin wannan labari.

Sakamakon jarrabawa ya fito. Na ci Turanci, Yaya, da kiredit! Makarantar koyon aikin jinya ta ba ni gurbi, bayan sallah zan tafi.

Kin tuna halin da kika same ni bara. Sau biyu Turanci yana kayar da ni, Baba kuma ya ce wannan zaman shi ne na ƙarshe. Kika karɓi tsofaffin takardun tambayoyina, kika sa na amsa sashen auna fahimta a gabanki, nan take kika gano ciwon. Ina iya karanta labarin, amma in an yi tambaya sai in amsa da abin da na sani tun daga gida, in bar abin da marubucin ya faɗa.

Shekarar ce aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu, ko a wurin ɗibar ruwa hirar alƙali da shaidu ake yi. Ke ma kika mayar da tabarmar Inna kotu. Duk amsar da na bayar sai ki ce, "Ina shaidakki? Aza yatsa bisa layin in gani." In na rasa layin, ki soke amsar ko da daidai ce. Na sha yin fushi, har na taɓa ƙin cin tuwo.

Duk Juma'a kina tashi daga makarantar da kike koyarwa a Shinkafi, ki shigo mota zuwa Kaura. An hana mata hawa kabu-kabu, sai ki tako daga tasha har gida, ga tsohon ciki. Ki sha ruwa, ki ce in ɗauko biro.

Ba ki ga ranar jarrabawar ba. Allah Ya karɓe ki wajen haihuwar Ummi, kafin damina ta sauka.

Bari in ba ki labarin abin da ya faru a ɗakin jarrabawar. Labarin da aka ba mu a kan makiyaya ne. Aka tambaya, me ya sa suke tashi da shanunsu in ruwa ya sauka? Ni da na yi hutu a Zurmi kusa da rugar su Baffa Jauro, ai na san amsa: gudun shiga gonakin mutane. Har na fara rubutawa, sai na tsaya. Na koma cikin labarin ina bi da yatsa, na nemi gona sama da ƙasa, babu ita ko sau ɗaya. Can a sakin layi na uku, bayan wata 'yar kalma mai ma'anar "amma", ga shi ɓaro-ɓaro: ƙudan tsando suke gudu. Na soke tawa, na ɗauki ta marubucin. Haka na bi sauran tambayoyin, ban bar ko ɗaya ba sai na ja layi ƙarƙashin hujjarta. Mai sa ido ya ce a ajiye biro, ni kuwa na riga na gama, ina ta murmushi kamar wadda aka yi wa albishir.

Ranar da na kawo sakamakon, Baba yana gyaran rumbu. Ya sauko, ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓi takardar, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Rabi ta yi aiki." Sai ya juya mana baya don kada mu ga idonsa. Inna kuwa guɗa ta saki, tana kuka tana dariya, maƙwabta suka cika gidan.

Ummi ta fara zama, goshinki ne da ita sak. Na ɗaga ta sama na gaya mata uwarta malama ce ta gaske. In ta girma ni zan koya mata karatu da kaina.

Allah Ya jiƙanki, Yayata, Ya haskaka kabarinki, Ya sa kowane taku da kika yi domina ya zama nauyi a mizaninki, Ya haɗa mu a Aljanna.

Taki har abada,
Sa'adatu,
Kaura Namoda.