Tulun da Bai Kai Kabarinki Ba, Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Inna.

Bayan gaisuwa cikin ladabi da biyayya, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima da yalwar makwanci. Mu nan lafiya lau. Yaya Hamisu da iyalinsa lafiya. Damina ta yi ƙarfi bana, sanyin Jos kuwa kin san shi, bai canza hali ba.

Na san ba a aika wa wanda ya riga mu gidan gaskiya takarda. Amma tun ina ƙarama, in an ɓata mini rai wajenki nake kai ƙara, kuma har yau ban samu wata kotun ba. Ƙarar surukinki na kawo. Zan kuma aika wa jarida ita, domin mutumin nan ba ya jin magana sai ya gan ta a buge. In da baki na faɗa masa, sai ya ce "to, to," idonsa na kan littafi.

Kin tuna ranar da aka ce ya samu shiga jami'a, can Titin Bauchi? Kin fi kowa murna. Kika ce, "Ko ba komai, kin samu mai taya ki karatun nan naki." Ni ma haka na zata. A 'yan littattafan nan da kike ɓoye mini ƙarƙashin tabarma duk ranar da na ƙona miya, namiji mai ilimi yakan dawo gida da turare a aljihu da magana mai sanyi a baki. Nawa da Fir'aunoni yake dawowa.

Tarihin mutanen dauri yake karantawa, Inna, kuma a cikin tarihin ma ba abin da ya ɗauke masa hankali kamar yadda suke binne matattunsu. Ina zuba masa tuwo yana ba ni labarin yadda mutanen Masar ke kwashe kayan cikin mamaci, su busar da shi da wata irin kanwa, su naɗe shi da ƙyallaye. Wai har da gado da kwale-kwale da gurasa ake rufe sarkinsu, don sun yi imani zai tashi ya ci gaba da zamansa a can yadda ya saba. Wai a ƙasar Sin an tono sojojin yumɓu a jere, suna gadin wani sarki a ƙarƙashin ƙasa. Wai a nan kusa da mu ma, kawunan yumɓun da masu haƙar kuza suka riƙa cin karo da su, har yau ana gardamar ko na kabari ne ko na wurin bauta. Na ce masa, Malam, miyar kuka ce a gabanka, ka bar ni in haɗiye loma.

Ba wai ba na saurara ba ne gaba ɗaya. Ranar da ya ce a wajen mutanen Masar ana ɗora zuciyar mamaci a ma'auni, a ɗora gashin tsuntsu a ɗaya gefen, wuni na yi ina tunanin taki zuciyar, ina wanki ina hawaye. Amma ba wannan na zo faɗa miki ba.

Bara da kika rasu, Yaya Hamisu yana hanyar Maiduguri da mota, ba yadda za a yi a same shi. Surukinki ne ya tsaya a kan komai, daga likkafani har haƙa, kuma ba zan ɓoye alherinsa ba. Mu mata kin san ba ma bin gawa, iyakarmu bakin zaure. Da na ga an ɗaga makara sai na ruga ɗakinki, na juye ruwan tulunki, na miƙa masa. Na ce ya huda gindinsa yadda ake yi don kada wani ya ɗauke, ya kife shi daidai wajen kanki.

Tulun nan nake nufi, baƙin, wanda wata tsohuwa ta gina miki a ƙauyen da Baba ya yi aikin kuza tun ba a haife ni ba. Mai zane a wuya kamar kitso. Duk Nasarawa Gwom babu irinsa. Ke ce kike cewa, "Ruwan famfo sai ya kwana a cikinsa yake zama ruwa." Lissafin da na yi a raina shi ne, tunda ƙafata ba za ta taka maƙabarta ba, ko shekara nawa aka yi, in Allah ya ba ni ɗa zan ce masa, je ka nemi tulu mai kitso a wuya, kakarka tana nan. Ya karɓa hannu biyu. Da suka dawo ya ce in kwantar da hankalina, an sa alama.

Sai ruwan bana ya zaizaye maƙabartar, kaburbura da yawa suka lotsa. Liman ya yi sanarwa kowa ya je ya gyara na 'yan uwansa. Yaya ya zo ya tambaye ni alamarki, na kwatanta masa har da zana kitson a ƙasa da tsinke. Ya je ya dawo da laka har gwiwa, ya ce babu. Tuluna ne ga su nan birjik, jajaye na kasuwa, kowanne kamar ɗan'uwansa, wasu ma ruwa ya mirgina su gefe. Na ce surukinki ya raka shi. Yau jarrabawa, gobe ciwon kai, jibi Vespa ta ƙi tashi. Ni kuwa da wautar masu karatun labari, har tausayinsa nake ji, na ɗauka baƙin cikin rashinki ne ya hana shi komawa wurin.

Asirin ya tonu ranar wata Asabar da rana. Akwai abokin karatunsa, Pam, Kirista ne ɗan nan kan tudu, mutumin kirki, yakan zo cin abinci. Ina ajiye musu kwano sai ya ce, "Madam, wannan tulu na mama naka, kai! Oga ya kawo shi makaranta, kowa ya taru a kai. Malamin mu ya ce masu yin irin wannan zane sun kusa ƙarewa." Ya faɗa ne don ya faranta mini. Surukinki ya ƙware da ruwa, ya yi ta tari har idonsa ya yi ja. Pam ya dube ni, ya dube shi, ya ajiye lomar da ke hannunsa.

Ga abin da ya faru, yadda na tatso shi daga bakinsa. Da aka gama rufe ki, ya ɗaga dutse zai huda tulun, sai hannu ya ƙi sauka. Wai a nan ne ya lura da zanen sosai. Sai ya fita bakin hanya ya sayo jan tulu a wajen masu sayarwa, ya huda wannan ya kife miki. Naki kuwa ya naɗe shi da tsohuwar rigarsa, ya kai makaranta ya kulle a kabad. Shekara guda, Inna! Ya auna bakinsa, ya auna cikinsa, ya zana shi ta gaba da ta baya. Ni ina nan ina yi miki addu'a, ina hango shi a kife a kanki.

Kin san abin da ya ce? "Binta, da na fasa shi, da an yi asarar da ba a mayarwa." Na ce, kai da ka san inda aka kwantar da sarkin da ya mutu tun kafin Annabi Musa, ka san abin da aka ajiye masa a kai da wanda aka ajiye a ƙafa, ka kasa riƙe mini inda aka sa uwata bara? Ya ce ai ya riƙe, tsakanin babban dutse ne da shingen ƙerana. To tsakanin dutsen nan da shingen nan, mutum nawa aka kai bayanki?

Da ya yi shiru daga nan, da ya fi masa. Sai ya gyara zama zai lallashe ni da karatu. Wai duk sarakunan da suka yi wa kabarinsu ado su aka tone, aka kwashe musu kaya, aka baje su cikin gilashi ana kallo, wanda ba shi da alama kuwa shi ya kwanta lafiya. Na ce ya riƙe laccarsa ya kai wa masu ba shi maki. Na san gaskiya ne. Na kuma san addu'a ba ta ɓata hanya, tana samun mai ita ko ina yake. Ba rashin sani ne ya dame ni ba. Wuri guda nake so a duniyar nan da zan iya cewa, nan ne.

Na ɗaure 'yan kayana na tafi Kwararafa gidan Yaya. Matarsa ta ce tun da take ba ta taɓa jin an yi yaji a kan tulu ba. Ta yi dariya, ta ga ban yi ba, ta je ta dama mini kunu.

Ina can su uku suka ɗauki shebur da kwanduna, Yaya da surukinki da Pam. Pam ya ce tunda bakinsa ne ya ɓaro maganar, kansa ne zai ɗauki ƙasa. Da suka rasa gane naki, sai suka bi duk kabarin da ke tsakanin dutsen da shingen, suka cike wanda ya lotsa, suka tayar da wanda ya baje, suka nome ciyawa. Yaya ya ce mini hannun surukinki duk ya yi bororo, amma bai ajiye shebur ba sai da aka gama na ƙarshe. Na dai ji.

Washegari sai ga surukinki da tulun. Da ƙafa ya taho da shi tun daga Titin Bauchi, rungume a ƙirji kamar jariri, wai girgizar Vespa za ta iya tsaga shi. Ya ajiye a gabana ya koma gefe ya tsuguna. Na sa hanci a bakinsa. Inna, har yanzu ƙamshin ɗakinki yake yi.

Yaya ya ce a kife shi kan kabarin tsakiya a huta. Na ce a'a. Ba zan sa tulunki ya yi ƙarya a kan uwar wani ba, in zo ina tura 'ya'yana kabarin da ba naki ba. Na ce a kai shi bakin ƙofar maƙabarta a girke, a riƙa cika shi da ruwa. Mai haƙa ya sha, masu rufewa su kwaɓa ƙasa su wanke hannu, lada ya bi ki duk inda kike kwance. Wanda ya ɓoye shi kuma shi zai riƙa cikawa.

Yana cikawa kuwa, duk Juma'a bayan an sauko. Amma hali ba ya barin mai shi. Ya kewaye shi da duwatsu, ya ɗaure masa waya a wuya, ya yi masa 'yar rumfa da kwanon rufi. An ce in ya ga wani ya buga moɗa a bakinsa har runtse ido yake yi. Shekaranjiya kuma ya zo yana shawara, wai ko a liƙa ɗan kati da zai faɗi inda aka gina shi da irin yumɓunsa. Na ce ranar da ya liƙa katin nan ya neme ni a Kwararafa.

Ban huce ba, Inna, kada ki ɗauka na huce. Na dawo ɗakina ne kawai. Har gobe ban san inda kike ba, kuma ba zan sani ba, sai dai in an kai ni kusa da ke. Wani lokacin ina tsakar gida ina tankaɗe sai abin ya taso mini sabo.

Abin da nake roƙonki shi ne wannan. In Juma'a ta yi kika ji muryar wani yana tafe a hankali tsakanin kaburbura, yana tsayawa kan kowanne yana sallama yana cewa "Inna Hajara, in ke ce a nan," to shi ne. Yana bin su duka don kada ya tsallake ki. Ki amsa masa. Ke kin fi ni haƙuri, kuma dama ke kika ce in aure shi.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sa ruwan tulun nan ya zame miki sanyi. Allah ya jiƙan maƙwabtanki da aka gyara wa ɗaki ta dalilinki. Ya haɗa mu a inda ba sai an nemi alama ba. Amin.

Taki har kullum,
Binta.