Katakon da ka kwantar doro ƙasa

Baban Tuni, hasken idona, furen badona da ke buɗewa da hantsi, inuwar mangwarona a tsakar rana!

Khala Morjina maƙwabciyarmu ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Na ce kada ta gyara komai, ko ta yi dariya kada ta rubuta dariyar.

Padma, kogin nan namu, ta cika, Baban Tuni. Kwana goma sha ɗaya ke nan da ka bi maigidanka Ostad Hashem ƙetaren kogi kuna kafa wa wasu ɗaki, mu kuwa ruwa yana hawa dirkokin namu kamar mai hawa tsani. Zanen da ka yi da fensir a dirkar gabas, wanda ka ce in ruwa ya taɓa shi in ɗauki 'yarmu Tuni in gudu, saura yatsa biyu. Na auna da safe, na auna da azahar, yanzu ma daga can nake. Zama ya gagare ni. Wa zai zauna?

Ka tuna ranar da ka girka manyan katakan da ke ɗauke da ɗakin nan a kan dirkoki? Aikinka na farko da ba Ostad a bayanka. Ni da cikin wata takwas ina riƙe maka tiyon ruwa kana duba daidaito, gumi na sauko maka kamar ruwan farkon damina. Ka ce min kowane katako yana da doro, doron sama yake kallo, nauyi ya miƙar da shi. Wayyo, yadda muryarka ta yi daɗi ran nan! Ko ruwan kwakwa bai kai ta ba.

To raina, yau zan faɗa maka abin da na ɓoye. Na tsakiyan nan, doro ƙasa ka kwantar da shi. Tun ranar da lemon tsami ya faɗi ya gangara tsakar ɗaki na gane. Yanzu Tuni tana rarrafe, ita ma can take gangarawa. Na janye randar shinkafa daga wurin, na rufe da tabarma, na yi shiru. Ina zan iya karya maka zuciya? Da yayana Nuru ya taka ya ce, "Wannan kafintan naki jirgi ya sassaƙa ko ɗaki?" sai na ce dirka ce ta nutse a laka. Allah ya yafe min.

Amma ruwa bai san kunya ba. Katakon nan ya sauko ƙasa da zanenka, tun jiya yake jiƙe. In Tuni ta yi barci nakan kwanta in kara kunne, in ji ruwa yana lasar katakon.

Ba zan jira fensirinka ba. Kwale-kwalen Khala na bakin tsani, kafin la'asar muna kan tudu. Kada ka ce na raina aikinka, sanyin idona. Don kaina da na zauna har ya kai min wuya. Tuni fa?

Ka dawo. In ruwa ya janye, mu ɗaga katakon mu juya shi, mu biyu, ba Ostad, ba Nuru. Khala ta rantse ba ta ji komai ba. Tiyon yana ƙulle a bakin zanena, ba wanda zan riƙe wa shi sai kai, har ranar da Padma za ta ƙafe.

Taka,
Shefali