Cikin Wa Na Fito?

Gusau, 6 ga Satumba

Yaya Kulu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Malam Shu'aibu. Tunda an rufe layin waya, na ba Kamilu direba wannan takarda.

Abin kunya na gani da 'yarki Wasila ta zo mini hutu. Na ba ta wani tsohon littafi da muka karanta a makaranta, inda yara suke gardama a kan inda jarirai ke fitowa. Wani ya ce a kasuwa ake sayo su, wata ta ce ungozoma ke kawo su cikin ƙwarya. Ina jira ta yi dariya, sai ta ce ai mai ƙwaryar ce ta yi gaskiya, haka Innarta ta faɗa mata. Yarinya mai shekara tara! Wannan ce tarbiyyar Nahuce? Na zaunar da ita na gaya mata kowane ɗa daga cikin uwarsa yake fitowa. Ki rage cusa mata shirme.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Malama Zulai

Nahuce, 11 ga Satumba

Zulai,

Sallama irin ta addini. Muna lafiya, gero ya fara kai.

Na ga takardarki, har da "Malama" da kika liƙa a ƙasa, kamar ban wanke miki kashi ba. Sannu da ilimi. Ke a tsammaninki ban san inda ɗa ke fitowa ba? Ni da na riƙe ki ranar naƙudarki, mijinki ya sake ki da ciki wata bakwai, kina kuka wai karatunki ya lalace? Kwana arba'in kika yi kika miƙo mini Wasila, kika ce kada ta taɓa sani. Ƙwaryar nan da kike yi wa dariya, dominki na ƙirƙire ta.

Tunda ta dawo take bin matan unguwa tana tambaya. Tsohuwa Lami, wadda bakinta ba ya riƙe ko ruwa, ta ce mata ba a taɓa ganina da ciki ba. Kwana biyu ke nan ba ta kira ni Inna ba.

Allah ya ƙara basira.
Kulu

Gusau, 13 ga Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa. Kada ki ɗora mini laifin surutun tsofaffin ƙauyenku. Ni kimiyya na koya mata, ban ambaci sunan kowa ba. Ki ce mata Lami ta rikice, tsufa ne. Ƙarya ɗaya a kan wadda kika saba ba za ta yi miki nauyi ba. Kin san Alhaji Isah da iyalinsa na Tsafe ba su san na taɓa haihuwa ba, kuma saura wata ɗaya ɗaurin aurena da shi. Don Allah ki rufa mini asiri.

Taki,
Zulai

Nahuce, 16 ga Satumba

Zulai,

Sallama. Jiya ina tankaɗe Wasila ta tsaya a kaina ta ce, "Cikin wa na fito?" Na dubi idonta, bakina ya ƙi yin ƙarya. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaure kayanta cikin ɗankwali, ta ce in yafe mata, tana so ta ji daga bakinki.

Ranar Asabar za mu shigo motar Kamilu, ni da ita. Ki zauna gida.

Ki gaida Alhaji.
Kulu