Kada Almakashi Ya Riga Ni Isowa

Ya sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, zumata farar saƙa, uwar baƙon da muke jira, matata da ban ga kamarta ba!

Ina gaishe ki da gaisuwar da ta fi ƙarfin takardar nan, ke da ɗan mutumin da ke shure-shure a cikinki. Da gangan na ƙi sake kiranki, don kin san a waya bakina yana riga hankalina fita, ba banza kika sa mini suna Tartsatsi ba. Na kashe injin walda, na zauna a kan bulo a bayan ginin da muke yi wa ƙofofi, ina rubuto miki, direban motar yashi zai kawo.

Ashe da gaske kike, ranar Asabar za ki sa almakashi a gashinki? Gashin nan? Hadarin nan baƙi ƙirin da ke haɗowa a kanki idan kin zame ɗankwali? Don kawai mai kitso ta ja, ta ja, ta karya matajinta, ta ce wannan ba gashi ba ne, soson ƙarfe ne, ba za ta sake taɓawa ba sai an sa rilaksa, man nan mai miƙar da gashi? Kuma Yaya tana zaune, maimakon ta tsawatar, ta ƙyalƙyale da dariya har da tafi! Wallahi da ina wurin da mai kitson nan ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Ita da ke kitsa kan mutum kamar tana ɗaure buhu, ta cinye wa rabin matan layinmu gashin goshi, ita ce mai bakin magana? Yaya kuwa yayata ce, ina ganin girmanta, amma na aika mata nata saƙon, kuma ban sa masa sukari ba.

Kin manta yadda aka faro, farin watana? Ke da kanki kika ture robar rilaksar nan tun cikin yana ƙarami, ranar da warinta ya sa ki amai har kika kasa tsayuwa. Ni da ban gama makaranta ba na ɗauki robar, na bi ƙananan rubutun bayanta da ƙamus ɗina da bangonsa ya yage, na karanta sunaye masu tsawo kamar rodi, ban gane ko rabinsu ba. Muka tambayi nas a wurin awo, ta ce tunda jikinki ya ƙi, ki huta da shi har ki sauka. Kika ce ko ba a ce ba kin bari, abin da ba ki san shi ba ba zai hau kanki ba alhali akwai rai a jikinki. Ranar na san na auri mace! Na fita titi ina tafiya kamar ni na shimfiɗa kwaltar.

Sai kuma ranar kuɓewa. Kai, ranar nan! Na karanto cewa yauƙinta yana warware gashi, na yanka, na tafasa, na bari ta huce, na zaunar da ke a kan 'yar kujera a tsakanin ƙafafuna ina ta cika baki. Abu ɗaya na tsallake a karatun: a tace. Na juye miki ita yadda take. 'Ya'yan kuɓewa suka watsu a kanki fari fat, kamar taurari a sararin da babu wata. Tun hantsi nake tsince su ɗaya bayan ɗaya har inuwa ta juya, ina zagin kuɓewa da wanda ya shuka ta, ke kuma kina dariya har da hawaye. A tsakiyar dariyar nan kika kamo hannuna mai yauƙi kika ɗora a cikinki. Ya motsa! Karon farko ke nan da na ji shi. Ki faɗa mini, a wane shagon gyaran gashi ake samun wannan?

Daga nan ai mun ƙware. Mu tace yauƙin da tsumma mai tsabta, mu raba gashin kashi-kashi, mu fara tajewa daga baki muna hawa zuwa tushe, da yatsu kafin mataji, kuma ba a taɓa shi a bushe. Man kaɗanya a narke a tafin hannu, a bi kowane kashi, a murɗe shi. Da kika ce kantar hannuna tana kama miki gashi, sanfefar shago na ɗauka na goge yatsuna. Mutumin da ke lanƙwasa ƙarfe, ga shi yana lallaɓa sili ɗaya kamar ƙwai! Kuma gashin ya amsa: ya yi duhu, ya yi laushi kamar sabuwar auduga, ya cika hannu. Namu ne, aikin hannunmu ne, a ɗakinmu muka raine shi.

Na sani, rabin raina, na sani. Cikin ya yi nauyi, hannuwanki ba sa daɗewa a sama, bayanki yana ciwo, ni kuma aiki ya jefo ni nesa na bar ki da shi ya cukurkuɗe. Idan na tuna kina zaune gaban madubi ke kaɗai da mataji kina share hawaye, ƙarfen da ke hannuna sai in ji kamar in jefar da shi.

To ki ji abin da ban faɗa miki ba. Tun zuwana nan nake koyon kitso. Matar da ke sayar mana da abinci ce ta nuna mini, na kwance igiyar leburori na ɗaure a jikin rodi, duk lokacin hutu ina kitsa ta. Birkiloli sun sa mini suna Hajiya, suna tambaya ko da layi ake zuwa. Na ce musu duk wanda matarsa ta taɓa yarda ya riƙe kanta ya fito ya yi magana. Kowa ya koma kan bulonsa! Layin kitsona bai miƙe sosai ba tukuna, amma ba ya ja, ba ya cin goshi.

Na nemi Oga ya ba ni Juma'a, ya ce ƙofofi ba su ƙare ba. Na ce ƙofa tana jira, Asabar ba ta jira. Ya ce in na tafi zai iya ɗaukar wani. Na ce ya ɗauka, in ya sami mai ɗinkin ƙarfe irin nawa.

Don haka ina roƙonki, kurciyata: ki ɗaure shi da ɗankwali mai santsi, ki bar shi yadda yake, ki jira ni, Juma'a ina tafe. Zan warware shi, in wanke, in kitsa miki da hannuna, sannan in miƙa miki madubi. Kanki ne. In kin duba kika ce har yanzu a yanke, ni zan riƙe almakashin, kuma ba za ki ragu a idona da ƙwayar zarra ba. Amma ba don maganar mai kitso ba, ba don dariyar Yaya ba.

Naki ne ni, yau da gobe, har ranar da gashin nan zai yi fari fat ina nan zaune a bayanki ina taje shi.

Mijinki mai alfahari da ke,
Tartsatsi