Gawayin da Baba Ya Sa Aka Zuba a Tafki

Malama Hafiza, don girman Allah ki ba ni shawara, ni kam kaina ya ƙulle. Na rubuta wasiƙar nan na goge ya fi a ƙirga. Ba zan faɗi sunana ba, haka ma sunan garinmu. Ki dai sani ƙauye ne a bakin gudron, wato titin kwalta, tsakanin Agiye da Cadawa, kuma wanda ya san mu zai gane ko ban faɗa ba.

Ina aiki da wani kamfanin haƙar man fetur can gabas cikin daji. Ba ruwana da man kansa. Nawa aikin shi ne ruwan da ke fitowa tare da shi daga rijiya, baƙi ƙirin, ga wari. Mukan kwashe man da ya taso sama, mu tace ruwan ta cikin yashi, a ƙarshe ya bi a hankali ta cikin manyan tankuna cike da wani irin gawayi. Ba irin na dafa shayi ba ne. Wannan gasa shi ake yi da wuta mai tsanani da tururi har jikinsa ya yi ƙananan ramuka da ido ba ya gani, su ke riƙe sauran dattin. In ya ƙoshi a fidda shi a sa sabo, kuma ba mai cewa ruwa ya gyaru sai an auna shi.

Bara da na je hutun Babbar Salla, Baba ya tsare ni da zolaya, wai wane irin aiki ne wannan, mutum ya share shekaru a lakol yana karatun boko ya ƙare a wankin ruwa. Da dariya ya faɗa, amma abin ya sosa min rai. Akwai ɗan gawayin wurin aiki a jakata, sai na ɗiga kananzir a kwalbar ruwa, na tace ta cikinsa a gabansa. Ya shinshina, ya sake shinshinawa, ya ƙwala wa Inna kira ta zo ta ga ikon Allah. Malama, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Daga ranar duk inda ya zauna sai ya ba da labarin ɗansa mai wanke ruwan fetur da gawayi. Ni kuwa daɗi ya cika ni, ina na ga ta tsayawa dogon bayani?

To, bayan kakar bana wata motar dakon gazuwal, wato man dizal, ta kife a kan gudron, man ya bi kwari ya faɗa tafkin da dabbobin garinmu ke sha. Rijiyarmu zurfi gare ta, shayar da garke da guga kuwa azaba ce. Ƙanwata Rahina ta yi ta nemana a waya ba ta samu ba, don inda muke sai an hau tudu ake samun rezo. Sai Baba ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce abin yana da magani, ɗansa ya nuna masa, ya gani da idonsa. Mutum ne da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, don haka ba wanda ya yi musu. Kowane gida ya fito da gawayinsa, mata suka daka a turmi, aka watsa a tafkin. Garin gawayin ya rufe ƙyallin man, warin ya ɗan lafa, bayan ƴan kwanaki aka ce ya yi. Don ya nuna ba ya shakka, Baba ya fara kora nasa shanun.

Su ne ƴan abin da ya rage mana daga garken kakanmu, tun zamanin da danginmu ke kiwo a arewa kafin su zauna noma. Cikinsu ya kumbura, suna tari, suna kumfar baki. Kafin likitan dabbobi ya iso daga Agiye wasu sun mutu, wasu an yanka, naman ma sai binne shi aka yi saboda warin gazuwal. Wayyo Allah! Da namu kaɗai ne da da sauƙi. Har da shanun huɗa na Baffa Chindo, aminin Baba tun ƙuruciya, waɗanda da su yake noma, da su yake jan amalanke ranar kasuwa.

Yanzu Baba ba ya fita. Mutumin da kullum yana sahun farko, yau a ɗaka yake salla. Rahina ta ce sai Inna ta yi da gaske yake cin loma biyu. In na kira, ya karɓi wayar, ya amsa gaisuwa, ya miƙa wa Inna. Bai zage ni ba. Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Baffa Chindo kuwa ya ɗauke ƙafa daga gidanmu. Garin kuma ya rabu. Wasu na cewa bokon ɗan Malam, wato ni, shi ya kashe dabbobi, wasu na cewa gawayin ne bai isa ba, a ƙaro. Masu cewa a ƙaro ɗin ne suka fi tsorata ni, don har yanzu mata na wanki a wurin, yara na shiga.

Ga inda na tsaya. In na je na gaya wa mutane gawayin aikinmu daban ne, to na tsaya a bainar jama'a na ce ubana bai gane ba ke nan, na ƙara masa kunya a kan wadda ke cin sa. In na yi shiru, za a sake. Sunana da ya ɓaci ban damu ba. Wani lokaci sai in ji kamar in ajiye aikin nan in koma gida in kama gona, ko zuciyarsa ta yi sanyi. Malama, ina tsoron baƙin cikin nan ya kwantar da shi. Yaya zan yi in dawo da mahaifina cikin mutane?

Ɗan'uwanki mai baƙin ciki, daga gabas.

*

Ɗan'uwana, Allah ya mayar muku da alheri. Wasiƙarka ta taɓa ni ƙwarai.

Bari in fara da abin da ba ya jira, wato tafkin. Yau ɗin nan, ba sai ka samu hutu ba, ka hau tudun ka kira maigari da ofishin magajin gari. Ka gaya musu, a matsayinka na mai wannan sana'a, cewa gawayin girki ko nawa aka zuba ba zai gyara ruwan ba. A kewaye shi da ƙaya, a hana wanki da wanka, a kira ma'aikatan muhalli da na kiwo su zo su auna, su kuma bi sawun masu motar. Duk wannan ana iya yin sa ba a ambaci sunan mahaifinka ba.

Aikinka kuwa kada ka ajiye. In ka bar shi, ka nuna masa ke nan cewa abin da ya yi alfahari da shi ba gaskiya ba ne. Hutu za ka nema.

Ba zan ɓoye maka ba, mahaifinka ya yi gaggawa. Ya ɗora dabbobin mutane a kan abin da ya gani sau ɗaya a kwalba. Kai ma ka nuna masa ƙarshen aiki ba ka gaya masa farkonsa ba. Amma ba kai ka zubar da gazuwal ba, ba shi ba ne kuma. Masu maganganu su ma ka yi musu uzuri, asara ce ke magana a bakinsu.

Da ka isa gida, ku zauna ku biyu kawai. Ka tabbatar masa abin da ya gani gaskiya ne, bai yi wa kowa ƙarya ba, bayanin ne ba ka ƙarasa masa ba. Daga nan ka roƙe shi ya raka ka gidan Baffa Chindo kafin ku tunkari taron gari, don can ne ciwon ya fi zurfi. In kana da hali ka taimaka wa dattijon ya samu abin huɗa kafin damina, amma ta hannun mahaifinka, ba ta naka ba. A gaban jama'a kuma shi zai fara magana, kai ka ƙarasa da bayanin sana'arka. Gargaɗin da ya fito daga bakinsa zai fi naka shiga, kuma da shi zai koma mazauninsa.

Kada ka sa ran zai sake a rana ɗaya. Amma ni ban ga fushi a shirun nan nasa ba. A ganina yana jin shi ya ɓata maka suna a garinku, bai san da wane ido zai dube ka ba. Kai kana can kana jin kunyarsa, shi yana nan yana jin taka. Kai ne ƙarami, kai za ka fara tashi ka je.

Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka same shi da ƙarfinsa, ya sanyaya zukatan duk waɗanda suka yi asara.

Malama Hafiza